Modem Ɗin Injiniya da Wayar Inna

Maigidana ya je Kano ya yi kwas ɗin kwamfuta, ya dawo Karaye da takardar shaida mai zanen ruwan zinare da kuma sabon suna. Da can Iro ake ce masa. Da ya dawo sai ya zama Injiniya, wanda kuwa ya manta ya kira shi Iro zai ga yana waige-waige kamar da wani ake. Ni Malam nake ce masa tun ranar da aka kai ni, don haka rigimar ba ta shafe ni ba.

Lokacin ba mu daɗe da aure ba, wayar hannu kuma ba ta iso garinmu ba sai dai labarinta. Kwamfutarsa ta gwanjo ce, ya ɗora ta a kan teburin da aka yi min jere da shi, kwanukana suka koma ƙarƙashin gado. Da tsarin Windos ta zo, yana buga wa mutane katin biki, muna samun na cefane. Sai wani abokinsa Kamilu da ke jami'a ya ba shi faifai, ya ce sunansa Linuks. Malam bai ko cire hula ba ya zuba shi. Windos ya tafi, katunan biki suka bi shi, har da na 'yar Maikuɗi tela da ake jira a raba. A gurbinsu muka samu wani tsuntsu baƙi da fari, mai tumbi, zaune a gilashin kamar wanda ya gama cin tuwon suna.

Ya yi min bayani ina tsintar shinkafa. Wai wannan tsarin ba shi da mai shi, mutanen duniya ne suka taru suka gina shi, kowa ya kawo nasa, kamar aikin gayya. Na ce to, Allah ya sa alheri. Aikin gayya dai na san shi a gonar Baba: kowa ya zo ya ci tuwo, a tashi wani gefen a nome, wani gefen ciyawa har gwiwa. Amma ban faɗa ba. Ni karatuna a firamare ya tsaya, kuma ba a tambaye ni ba.

Tagar ɗakinmu tana bayan teburin Sulle mai shayi, shi ya sa duk abin da aka faɗa a majalisar ina ji ko ban so ba. A nan Malam ya sanar da cewa zai kawo intanet Karaye. Ya ce mutanen Rogo za su riƙa tahowa, na Zoza da na ƙauyen Turawa su yi layi tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa, kowa ya aika saƙo Makka ya samu amsa kafin shayinsa ya huce. Sulle ya ce in dai shayinsa ne ba ya hucewa da wuri, Injiniya ya kwantar da hankalinsa. Maikuɗi ya ce shi ba Makka yake nema ba, katin 'yarsa yake nema. Malam ya ce masa ya daina tunanin ƙananan abubuwa.

Abu biyu suka rage, in ji shi: modem, wato na'urar da ke sa kwamfuta ta yi magana ta cikin waya, da kuma layin wayar kansa. Layin ne ya sa gabana ya faɗi, domin a unguwarmu gida ɗaya ne ke da wayar tangaraho, gidanmu, gidan mahaifina Alhaji Lado mai sayen gyaɗa. Wayar kuma ba a zaure take ba. Tana ɗakin Inna Turai, mahaifiyata, a kan ɗan kabad, an rufa mata kyalle mai saƙar hannu.

Dole in yi bayanin Inna. Ɗanta na fari, Yaya Abdulmumini, yana karatu a Sudan. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, in ya shigo ɗaki ita fita take yi ta duba tukunya. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba a rage mata komai ba. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Shi kuwa kowace Juma'a bayan la'asar yakan je wani shago da ɗalibai ke bin layi, ya bugo gida kafin a rufe da magariba. Kowace Juma'a kuma, daidai wannan lokacin, sai Inna ta ga babu inda ya fi daɗin ɓarar gyaɗa a duk faɗin gidan kamar gindin kabad ɗin nan. Ba ta ɗaukar wayar. Ni nake ɗauka in na je gaida su, ko Baba. Ita tana ɓara, kanta a sunkuye, kunnenta kuwa ya kusa taɓa kafaɗata.

Kamilu ya gaya wa Malam irin modem ɗin da zai nema, a gabana, ina kawo musu ruwa. Ya ce ya sayi na waje, mai zaman kansa, mai igiya mai kauri da ake jonawa a bayan kwamfuta, domin shi ƙwaƙwalwarsa a jikinsa take, kowane tsari ya samu zai yi aiki. Ya ce ya guji 'yan ƙananan nan na yayi, rabin ƙwaƙwalwa gare su, sauran rabin a wurin Windos suke ara, in babu Windos sai su zama ƙarfe kawai. Malam yana ta gyaɗa kai, yana cewa ai ya sani, ai sun yi a kwas. Da Kamilu ya tafi ya ce min yaron nan yana da ƙoƙari, sai dai karatun littafi ya yi masa yawa.

Ya yi sammako zuwa Kano, ya dawo da kwali mai hoton roka. Shi da kansa ya ba da labarin a teburin Sulle, a matsayin nasara. Wai mai shagon ya fara fito masa da wani tsohon akwati ruwan toka, sai ya ce masa shi ba rediyon kakarsa ya zo saya ba. Mai shagon ya ce, "Gaskiya ne, Injiniya," ya miƙo masa mai roka. Ina jin kalmar nan ce ta gama cinikin. A jikin kwalin akwai tambarin Windos, ƙato, irin wanda na saba gani da can in an kunna kwamfutar. Na ɗora yatsa a kai. Ya ce wannan ado ne.

Modem ɗin na ciki ne, wani ɗan allo kore. Malam ya kwance kwamfutar da wuƙar yankan albasata, ya cusa shi, ya mayar da murfi, kusoshi suka yi saura a kan tabarma. Ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Ya kunna, ya tambayi kwamfutar ko ta ga modem. Ta ce ba ta ga kowa ba. Ya sake tambaya da ɗan zafi, yana dukan madannai, tsuntsun nan yana kallonsa. Ya cire allon, ya hura masa iska, ya goge shi da gefen riga, ya sauya masa rami. Kwamfuta ta ce har yanzu ba ta yi baƙo ba.

Da safe Sulle ya tambaye shi ko ya ƙara ruwa a tukunya saboda mutanen Rogo. Malam ya ce modem ɗin ne ya fi ƙarfin kwamfutar, sai ya nemo daidai da ita. Maikuɗi ya ce in har ƙarfi ya yi masa yawa, a ba shi kati ya buga.

Ya koma Kano. Wannan karon ya dawo da wani ɗan ƙarami shuɗi, kamar sabulun wanka, da siririyar igiya. Ya ce Kamilu ya ce na waje, to ga na waje, kuma wannan ya fi wancan kyau. Batun igiya mai kauri ya ce tsohon yayi ne. Da ya jona shi wata 'yar fitila ta kama, ya fita da gudu ya kirawo Sulle da Maikuɗi su ga fitila. Suka tsaya daga bakin ƙofa, suka ga fitila, suka ce masha Allah. Kwamfutar kuwa ta ce ta ji an taɓa ta, amma ba ta san ko wane ne ba.

Aka aika wa Kamilu. Ya aiko da cewa shi ma wannan mai rabin ƙwaƙwalwa ne, kyan jiki kawai ya fi ɗan uwansa. Sai dai wasu masu taimako sun rubuta ɗan abin da zai iya sa Linuks ya gane shi, in an dace, yana nan a intanet, a shiga a sauko da shi. Malam ya kai wannan magana teburin shayi yana alfahari, kamar zurfinta nasa ne.

Sulle ya ce, "Tsaya, Injiniya, in fahimta. Abin da zai kai ka intanet yana cikin intanet?"

"Kusan haka, amma a ilmance."

"Wato makullin ɗakin yana cikin ɗakin, ɗakin kuma a kulle."

"Kai shayi ka sani."

"Shi na sani. Amma ban taɓa kulle teburina in bar makullin a ciki ba, sannan in tara mutane in ba su labari."

Ni dai duk wanda ya ƙi aiki sai in ce sannu Malam, Allah ya kawo mafita, in kawo masa abinci. A raina kuwa godiya nake yi wa Allah. Muddin yana zaɓen wanda ba shi ba, babu abin da zai kai shi wayar Inna.

Sai ya ji labarin wani mutum a Rogo da ke da tsohon modem, ragowar wani ofis da aka rufe. Ya kwashi mai roka da ɗan shuɗi ya hau mota. Ya dawo da yamma rungume da akwati ruwan toka, mai nauyi, gefensa ɗaya ya ɗan ƙone, igiyarsa kamar ta ɗaure ɗan maraƙi. Mutumin Rogo Windos gare shi, ya karɓi sababbi biyu ya ba da tsoho ɗaya, ina jin har rakiya ya yi masa. Malam ya ce ya yi wa mutumin wayo, kuma dama shi tun farko irin wannan ya ce a saya, mutane ne ba sa saurare.

Sulle ya leƙa akwatin ya ce, "Wannan ba shi ne rediyon kakarka ba?"

Malam ya ce kakarsa mace ce mai hangen nesa.

Ya jona igiyar mai kauri. Kwamfutar ta gane shi nan take, kamar ɗan uwanta ya dawo daga cirani. Fitilu jajaye suka jeru suna ƙiftawa. Malam ya daki teburin jerena har ƙafarsa ta yi ƙara. Ni kuwa na shiga madafa na zauna, ban san me na shiga yi ba.

A Juma'ar makon nan Yaya ya bugo, muryarsa can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ya ce zazzaɓi ne mai zafi, an ba shi gado a asibiti, wani abokinsa ne ya riƙo shi ya kawo shi shagon don kada mu ji shiru. Ya ce in Allah ya yarda zai bugo Juma'a mai zuwa mu ji yadda ake ciki. Bai daɗe ba ya ajiye. Inna ba ta tambayi komai ba. Sai da na tashi tafiya na ga ta tara ɓawo a cikin ƙwarya, gyaɗar kuma ta watsa wa kaji.

Ita wannan Juma'a mai zuwa ita Malam ya zaɓa ya buɗe intanet, domin ranar ce mutane ke gari, sun ci ado, ba mai zuwa gona.

Ya je wurin Baba, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna, ya yi gaisuwa har Baba ya fara gyangyaɗi, sannan ya kawo buƙata. Ya ce ba cire wayar za a yi ba, reshe kawai zai ja daga jikinta zuwa zaure, inda zai ajiye kwamfutar. Baba ya ce waya a ɗakin uwarsu take, a tambaye ta. Surukin kirki ba ya tunkarar surukarsa da irin wannan magana, don haka ni aka aika.

Na faɗa mata ina kallon ƙasa. Na ƙara da cewa ranar Juma'a ce fa, bayan la'asar, ko za ta ce a ɗaga. Ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Ta ce, "Ni me zan yi da waya ranar Juma'a? Wa nake da shi da zai kira ni?"

Duk wanda aka haifa a Karaye ya san abin da wannan magana take nufi. Malam ma a Karaye aka haife shi, amma ya yi kwas. Da na kawo masa amsa ya ce, "Kin ji ko? Da bakinta." Na ce Kamilu fa ya ce in modem yana aiki, wanda ya bugo zai ji layi a cike. Ya ce layi faɗi gare shi. Na yi ƙarfin hali na ce Yaya ba shi da lafiya. Ya ce to ai ga intanet nan, zai duba masa magani a ciki.

Tsakiyar mako aka ja reshe. Shi ba zai shiga ɗakin Inna ba, don haka ni na shiga na jona, yana tsugune a bayan taga yana ba ni umarni ƙasa-ƙasa kamar mai zance. Igiyar ta fita ta taga, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta soro, ta ɓullo zaure. Wurin cusa ta a bayan modem ɗan haƙorin robar da ke riƙe ta ya karye. Malam ya yanko robar tsohuwar tayar keke, ya naɗe igiyar da akwatin tamau, ya ƙulle, ya ce yanzu ko saniya ce ta ja ba za su rabu ba. Ita kuwa igiya mai kauri da ke zuwa kwamfuta tana da 'yan kusoshinta na ɗaurewa. Bai ɗaura ba. Su ma ado ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren Baba ya cika. Ga liman, ga mai unguwa, ga Sulle ya rufe teburinsa, abin da bai yi ba ko ranar sunan ɗansa, ga Maikuɗi a gaba-gaba. Har mutumin Rogo ya zo, ina jin don ya ga ƙarshen abin. Janareta na ruri a waje. Malam ya saka babbar rigar ɗaurin aurenmu. Ni aka sa kawo zoɓo, don haka ina kai da kawowa tsakanin labulen soro da ɗakin Inna, inda ta riga ta zauna a gindin kabad da ƙwaryarta.

Malam ya yi jawabi. Ya ce zaɓen modem ba aikin kowa ba ne, mutane da yawa sun halaka a nan, suna bin kwali mai kyau. Mutumin Rogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Malam ya ce yau zai nuna musu Masallacin Makka ba tare da sun tashi daga tabarma ba. Ya danna.

Akwatin ya yi wani kuka, farko kamar akuya ta maƙale a danga, sai ya koma na kazar da aka kama, sai ya zama ruwan sama a kan kwano. Liman ya ja da baya yana neman tsari. Malam ya ce kada a damu, gaisawa suke yi da modem ɗin Kano. Sulle ya ce gaisuwar tasu ta fi ta Karaye tsawo, da alama an daɗe ba a haɗu ba.

Hoto ya fara fitowa daga sama, layi-layi, kamar ana saƙa shi. Shuɗi. Aka jira. Ƙarin shuɗi. Malam ya ce sararin samaniyar Makka ke nan. Aka ce Allahu akbar. Aka sake jira. Maikuɗi ya ce ba don ya katse ba, amma sama irin wannan akwai ta a nan ƙofar gida, kuma ba ta buƙatar janareta.

Sai fitilun suka mutu, saura ɗaya. Malam ya ce hadari ne a Amurka. Ya sake dannawa, aka sake gaisuwa tun daga akuya, hoto ya sake farawa daga sama, domin shi ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan karon an kai har wani ɗan tsini ya leƙo, Malam ya ce kan hasumiya ne, mutane suka matso, mai unguwa ya saka tabarau. Fitilu suka sake mutuwa.

Ya matso jikin labule ya raɗa min in je in duba ko akuya ce ke tauna igiya. Na bi igiya har taga, lafiyarta lau. Na shiga ɗaki na tarar da Inna riƙe da kan wayar a kunne, kukan nan yana fita. Da ta gan ni sai ta hau goge shi da bakin mayafi, ta ce ɓawon gyaɗa ne ya hau kai. Ashe duk ɗagawar da ta yi sai zancen modem ya katse. Na koma na ce wa Malam ba akuya ba ce. Ya ce to mene ne. Na dubi ƙasa. Ya dube ni, ya dubi hanyar cikin gida, ya gane.

Ya ce wa jama'a yana zuwa. Ya shigo soro, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa da ƙofar Inna, babbar riga ta baje a ƙasa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ya gida? Ya jama'a? Ya aka ji da hidima?"

"Alhamdu lillahi."

Ya hau zane a ƙasa da yatsa. Ita kuma ta ci gaba da ɓara. Shi ba zai iya ce wa surukarsa ta daina taɓa wayarta ba, ita ba za ta iya cewa ɗanta take jira ba. Kaza ta zo ta wuce ta tsakaninsu.

"Dama cewa na yi ko an wuni lafiya."

"Lafiya lau. A gaida baƙi."

Ya koma zaure ya sanar da cewa an warware matsalar a babban mataki. Ya sake dannawa.

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, kaji sun fara neman akurki. Na zauna kusa da Inna. Hannunta ya daina ɓara. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan kukan da ke cikin wayar, in mutum ya bugo daga nesa, me zai ji?"

Na ce zai ji kamar ana magana, ba zai samu shiga ba.

"Ko da mutumin ba shi da lafiya?"

Na ce ko da.

Ta ajiye ƙwarya. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta je taga ta kama igiyar da hannu biyu. Inna ta yi shekaru tana jan guga a rijiyar gidan nan kafin a kawo famfo. Na ruga soro, ban san ko wa zan gargaɗa ba.

Na iso labule daidai lokacin da hoton ya kai rabin hasumiya, Malam yana cewa a lura da kyau, yanzu za a ga ikon ilimi. Sai akwatin ya motsa. Ya matsa bakin tebur, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya zare jikinsa daga igiya mai kauri, ya zare daga ta wuta, ya faɗo kan tabarma. Robar keke kuwa ba ta ci amana ba. Akwatin ya bi ta tsakanin ƙafafun liman, ya ture kofin zoɓon mai unguwa, ya nufi cikin gida yana tsalle a kan dakali.

Malam ya bi shi. Ya taka gefen babbar riga ya dafa ƙasa, takalmi ɗaya ya fice, ya ci gaba da rarrafe yana miƙa hannu, duk sanda ya kusa kamawa sai akwatin ya ƙara gaba. Suka wuce ni a soro, akwati a gaba, Injiniya a baya. Jama'a suka biyo har bakin labule, na baya suna ɗage. A bakin tsakar gida Malam ya ɗaga kai ya hango ta taga wadda ke riƙe da ɗaya bakin igiyar. Ya tsaya cak. Ya tuɓe takalmin da ya rage masa, ya tsuguna, ya sake cewa ina wuni. Akwatin ya ratsa tsakar gida shi kaɗai, kaji suna watsewa, ya hau bango, ya shige ta taga.

Bai gama shigewa ba wayar ta yi ƙara.

Gidan ya yi tsit, ko janareta kamar ya rage murya. Na shiga ɗaki na tarar da Inna ta koma mazauninta, ƙwarya a cinya, tana ɓara, sai dai ƙirjinta na hawa da sauka. Ta ce min, "Sadiƙa, wayarku na ƙara."

Na ɗauka. Yaya ne, muryarsa ta dawo. An sallame shi, ya ce har ya fara fita da ƙafarsa. Ya ce tun la'asar yake bugawa, ya koma bayan layi ya sake dawowa, mai shagon har ya fara jan ƙofa, wai wane ne ya riƙe waya haka? Na maimaita tambayar a fili. Baba, wanda ya shigo tsakar gida yana tarin da ba na mura ba, ya ɗaga murya ya ce a gaya masa Injiniya ne ke hira da Makka. Daga soro aka fashe da dariya, ta liman ta fi ta kowa.

Inna ta ce, ba ta ɗago ba, "Ki tambayi wancan ko yana cin abinci."

Ya ji ta. Ya ce in gaya mata yana ci, har ƙari yake yi. Ta ce to, ita dama ba wani abu ba ne. Ta goge ido ta ce ɓawon gyaɗar bana ƙaiƙayi gare shi.

Malam ya koma zaure da takalmi ɗaya a hannu. Ya gyara hula, ya ce jama'a dai sun shaida modem ɗin ya yi aiki da Linuks, kuma shi ya zaɓo shi da kansa. Sulle ya ce sun shaida ƙwarai, ba a taɓa kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa irin wannan garin nan ba, tunda har ta san lokacin da ya kamata ta tashi ta ba mutane wuri. Mutumin Rogo ya ce in ana neman wani yana da mai roka. Maikuɗi ya tambayi katinsa.

Bikin 'yar Maikuɗi da goro da alawa aka gayyata, gida-gida, kuma ya yi jama'a. Modem kuwa yana ɗakin Inna, da robarsa da komai. Malam ya aike ni in karɓo, ta ce ai ɗakin a buɗe yake, surukinta ya shigo da kansa ya ɗauka. Na kawo masa saƙo. Ya fita teburin Sulle ya sanar da cewa ya kai na'urar ajiya ta musamman, saboda irinta ba a barin ta ko'ina.

Tana nan a kan kabad, Inna ta ɗora wayar a kanta, kyalle ɗaya ya rufe su. Ta ce akwatin yana da amfani, tunda aka ɗora wayar a kansa an fi jin ƙararta daga madafa. Ba don tana jiran kowa ba.